Matuƙin da Ke Jikin Katangar Kubura

A Illo, in ka tambayi gidan Hajiya Kubura sai a ce maka wacce, don Kuburori suna da yawa. In ka ce Ta-Fir'auna, ko baƙon da ya shigo cin kasuwa daga Dahome zai nuna maka hanya. Ba ita ta zaɓi sunan ba. Don a ɓata mata rai aka laƙaba mata shi, ita kuwa ta amsa, har ta koma ga Allah ba ta taɓa neman a canja ba.

Sana'arta shafe ce, a hannun uwarta ta koya a Kaoje. Ɗakin amarya, rumbu, bakin ƙofa, duk nata ne. Ta kwaɓa laka, ta shafe bango ya yi sumul, ta bi shi da ruwan makuba, sannan ta ɗauki bayan cokali ta fitar da dagi da igiyar ruwa. Ba ta da yawan magana, amma in ta saki guda sai a wuni ana juya ta a bakin rijiya.

Mijinta Kimba mutumin Dandi ne, matuƙin kwalekwale. Goro da gishiri da busasshen kifi yake ɗauka tsakanin mashigin Illo da garuruwan Dahome, tun iyakar ba ta wuce wani turke da Faransawa suka kafa a bakin Kwara ba. Ƙafarsa ta hagu gajeriya ce, don haka in zai tuƙa sai ya ɗora ta a kan gindin jirgi, ya karkata kafaɗa. Tun yana tsakiyar kogi, kafin a ga fuskarsa, mata masu wanki sun san shi ne.

Yana da ƙane, Bunyaminu. Da guminsa Kimba ya riƙe shi har ya yi karatu a Gwandu, ya dawo da farar riga da tattausan hannu. Su uku suka ɗaura niyyar aikin hajji ta ƙasa, shekara guda kafin 'yancin kai, bayan sun aurar da ɗiyarsu tilo, 'Yar Baba, ga Hassan ɗan Arzika masunci, can ƙetaren iyaka. Takardun tafiyar duka ukun suna aljihun Bunyaminu, tunda shi ya iya karatu.

Sun sha hanya, sun yi aikin hajji lafiya. A komowa ne Bunyaminu ya kafe sai an bi ta Masar, wai yana son ya ga Azhar. Ya gani ɗin. Ya shiga da hantsi ya fito bayan la'asar, amma tun a jirgin ƙasan da ya ɗauko su daga Alƙahira ya fara buɗe zance da "mu a Azhar".

A cikin jirgin nan zazzaɓi da tari suka kama Kimba, har zama ya gagare shi. Dole suka sauka a wani gari da ake kira Luksor, a bakin kogin Nilu, suka sami masauki wurin wani tsoho da kakanninsa suka fito daga ƙasar Hausa, Hausarsa duk ta cuɗe da Larabci. Lokacin cikar kogi ne, ruwan ya yi ja kamar Kwara a tsakiyar damina. Kimba ya kwanta yana jin ƙamshin ruwa, jikinsa ya ɗan yi dama.

Abu na farko da ya tsayar da Kubura a garin shi ne katangun mutane. Duk gidan da aka yi aikin hajji sai ka ga an zana tafiyar a waje: jirgin ruwa, raƙumi, Ka'aba, har da alhajin kansa da rawaninsa. Kuma masu gidajen Musulmi ne, tana ganinsu suna fita salla. Ta daɗe a gaban wani gida tana bin zanen da ido, tana cewa a ranta hannun mai aikin bai faɗa ba, amma zuciyarsa ta kai.

Tsohon mai masauki ne ya ba su labarin gidan Fir'auna da ke bayan gari, wanda Turawa ke tasowa daga ƙasashensu don kallo. Kimba ya tashi zaune.

"Ke, ɗauko mayafinki. Mu tahi mu ga gidan mutumen nan da ruwa yac ci."

Bunyaminu ya ɗago daga tasbaha. "Yaya, daga Ɗakin Allah sai ɗakin gumaka? Mi za ka gani can?"

"Tun ina yaro nike jin Fir'auna ya nutse. Ni ko rabin aikina hidda waɗanda sunka nutse ne. In ga dai abin da yab bari. Kuma kai da bakinka ka hwaɗa muna a riƙa duban ƙarshen azzalumai."

"Ni ba ni zuwa."

"Ai ban ce ka zo ba, Malamin Azhar. Tsare muna kaya."

A amalanken jaki tsohon ya kai su. Mai gadin ƙofa ya ɗauka aikin ɗiban yashi suka zo nema, ya kaɗa musu hannu su koma. Kimba ya tsaya cak, ya nuna 'yar takardar da ake yanka wa Turawa, ya nuna ƙirjinsa. Bai motsa ba sai da aka yanka musu irinta, suka shiga ta ƙofar da kowa ke shiga.

Raguna suka fara tarar da su, na dutse, layi biyu, kowanne ya fi sa girma.

"Wanga mutum ya tara ragunan layya," in ji Kimba, "bai yanka ko guda ba."

Daga nan sai ginshiƙai. Kubura ba ta taɓa ganin abin da ya mayar da ita ƙarama haka ba. Kowanne kamar gindin kuka, sun yi cincirindo, kansu ya tafi sama har wuyanta ya ƙage. Jikinsu duk zane ne, ba inda aka bari. A wani lungu da rana ba ta kaiwa ta ga launi bai mutu ba: shuɗi, ja, rawaya. Ta waiga ba mai gadi, ta jiƙa yatsa da yawu ta goga. Bai fita ba. Abin da ta ji a lokacin ba tsoro ba ne, kishi ne. Ita damina biyu ke cinye mata aiki, ga wani ya shafe bango tun zamanin annabawa, har yau shuɗinsa yana kallonta.

Tana nan tsaye ta ji dariyar Kimba, dariyar da ta ƙare da tari. Ta same shi a gaban wani dogon bango. Jirgin ruwa ne aka sassaƙa, masu tuƙi a jere, a can gindinsa kuwa wani mutum a tsaye riƙe da dogon matuƙi, ƙafa ɗaya a gaba.

"Ke, dubi! Wa yak kai masu labarina?"

"Rufa muna asiri, mutane na kallo."

"Su kalla. Wanga ba Fir'auna ba ne, talakka ne anka sa aiki. Dubi ƙugunshi, bai karya kumallo ba."

Ya ɗora gajeriyar ƙafarsa a kan wani dutse, ya karkata kafaɗa, ya riƙe sandarsa kamar matuƙi. Wata Baturiya da ke wucewa ta ɗaga abin ɗaukar hoto, ta ɗauke shi, ta yi murmushi ta wuce da shi ƙasarsu. Kimba ya sauke ƙafa, ya bi mutumin bangon da yatsa tun daga kai har dunduniya.

"Ba wanda yas san sunanshi," ya ce a hankali. "Amma ga shi nan tsaye."

Zazzaɓin ya dawo washegari. A ranar ce kuma Bunyaminu ya ce a ɗaure kaya. Tun a Makka ya ji daga bakin wasu alhazai cewa tsohon na'ibin limamin Illo ya rasu, ga 'yancin kai ya matso, ana ta gyara kujeru. Wanda ba ya gida, da wa za a tuna? Kimba ya kama gefen rigarsa daga kwance, ya ce ya bari zazzaɓin ya sake shi tukuna. Bunyaminu ya zare rigarsa, ya ce jirgin ruwan Aswan ba ya jiran kowa, kuma iskar kogi ma magani ce. Kubura ta so ta ce su ba za su tafi ba. Amma takardunsu suna aljihunsa, ita ko kalmar Larabci ba ta wuce ta salla ba.

A saman jirgin, cikin rana, tsakanin buhuna da awaki, Kimba ya cika kafin su kai Halfa, garin farko na ƙasar Sudan. Aka rufe shi a yashi a bayan garin. Wani cikin masu haƙa kabarin ya gaya musu cewa ana gina madatsar ruwa a arewa, nan da 'yan shekaru garin da maƙabartarsa duk za su koma ƙarƙashin ruwa. Kubura ta dubi tudun yashin, ta dubi Bunyaminu. Shi yana duban jirgin ƙasan da zai ci gaba da su.

Sun iso Illo an riga an yi 'yancin kai. An kafa sabuwar tuta a bakin kasuwa, wata daban a ƙetaren iyaka, an gina wa turken Faransawa rumfar kwastan. Kujerar na'ibi kuwa tana nan, Bunyaminu ya hau.

Mutane suka yi ta zuwa barka da sauka haɗe da ta'aziyya. Kubura tana cikin takaba a ɗaki, amma zaure ba shi da nisa. Ta ji an tambayi yadda Kimba ya rasu, ta ji Bunyaminu ya yi ajiyar zuciya.

"Kwana ne dai ya ƙare. Amma na hana su shiga wani wuri, ba su ji ba. Gidan Fir'auna. Lafiya lau yash shiga. To, mace in ta so kallo..."

Bai ƙarasa ba, gari ya ƙarasa masa. Kafin ta fita takaba an gama magana: Kubura ta ja mijinta ɗakin gumaka, iskokin wurin sun shafe shi, ta zubar da hajjinta a ƙofar Fir'auna. Masu ce mata Hajiya suka ragu. Shi Bunyaminu ba ya cikin masu ƙirƙirar ƙarya don nishaɗi. Mutum ne da ke buƙatar dalilin mutuwar yayansa, dalilin da ba shi ne ba, kuma da ya samu ya riƙe shi har ya gaskata.

Ba ta je ta wanke kanta wurin kowa ba. Da ta fita takaba, kaka ta yi, sai ta sa aka kawo mata jar ƙasa daga fadama. Tana da bangon ɗaki, tana da na tsakar gida, inda ba mai gani sai ita. Ta bar su duka, ta fita waje ta shafe katangar da ke kallon hanya, hanyar da Bunyaminu ke bi daga gidansa zuwa masallaci sau biyar a rana.

Ta fara da babbar motar da ta kai su Sudan. Ta yi jirgin teku, ta yi Ka'aba da gawayi, ta yi ginshiƙan Luksor ta shafa musu shuni. Mata suka riƙa tsayawa da tulu a ka suna yabawa. Sai ta zo tsakiyar katangar, ta tayar da laka ta yi kwalekwale mai tsawon gaba biyu. A gindinsa ta tsayar da mutum, ƙafar hagu a ɗore, kafaɗa a karkace. Daga ranar mata suka daina tsayawa. A makon ne wani ya fara cewa Ta-Fir'auna.

In da za a tambaye ta don me, cewa za ta yi don mijinta ba shi da kabarin da za a nuna, kuma hotonsa guda da ke duniya yana gidan wata Baturiya. Gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa in an kira salla takan matsa kusa da tsagar ƙyaure, don ta ga yadda Bunyaminu ke sunkuyar da kai yana sauri in ya zo daidai wurin.

Ya yi shiru wata da watanni, don ba shi da igiyar da zai ja ta da ita. Igiyar ta zo da kanta. 'Yar Baba ta dawo gida goyon ciki, ta haifi ɗa namiji. Tunda mai jego tana gidan, a ƙofar gidan za a yi suna, a gindin katangar nan. Kuma Bunyaminu ne ya rage a matsayin uba, shi zai yanka rago, shi zai faɗi suna.

Ana jibi suna ya zo bayan la'asar, ya tsaya a zaure bai zauna ba.

"Kubura, jibi suna."

"Na sani, Malam. Ni na yanke cibiya."

"Ba ni zama ƙarƙashin wancan abu in ɗaga hannu. Ba ni yanka rago gaban gunki. Liman ma na yi magana da shi, ba shi zuwa."

"Gunki? Ka ga na kai mai hura? Ka ga na durƙusa mai?"

"Ba gardama taka kawo ni ba. Ga sauƙi. Bar mota, bar jirgin teku, bar Ka'aba. Shi mutumen, sa wuƙa ki cire kai. In babu kai, itace ne."

Ta yi wata gajeriyar dariya. "Ka bar shi ba kabari, yanzu ni in bar shi ba kai?"

"Kabari na nan Halfa. Ni na yi mai salla."

"Ruwa na zuwa, da kunnenka ka ji. Yayanka ya riƙe maka riga a Luksor, Malam. Ina wurin. Mi kac ce mai?"

Bunyaminu ya gyara zaman hularsa. "Kwana ne ya ƙare."

"Na yarda, kwana ne. To don mi kac ce ma mutane gidan Fir'auna ne? In kwana ne, a bar shi kwana. In ko dalili aka nema, a tara jama'a mu baje dalilai, kowa shi ɗauki nashi."

Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Surukanki na tahowa daga Dahome. Su iske ba liman, ba na'ibi, rago ɗaure. Wanga yaro har shi yi gemu ana hwaɗa mai. Ki yi tunani."

'Yar Baba ta ji komai daga ɗaki. Da uwar ta shigo ta same ta tana kuka, jariri a cinya.

"Inna, laka ce hwa. Ki shahe, in an yi suna ki maida. Wa za shi hana ki?"

"In na shahe don ya ce, ko na maida ba ubanki ba ne. Nashi ne, da izninshi."

"To ni hwa? Gidan miji zan koma, cikin danginshi. Ke kina nan da bangonki, ni za a yi ma dariya."

Wannan ta shige ta. Washegari da hantsi Kubura ta kwaɓa laka cike da ƙwarya, ta fita da ita. Maƙwabta suka leƙo. Ta tsaya a gaban katangar har lakar ta fara bushewa a hannunta. Tafin hannu ɗaya ya isa, daga goshi zuwa wuya, a huta. Ta ɗaga hannun. Sai idonta ya faɗa kan matuƙin da mutumin ke riƙe da shi, ta ga ya tsage daga tsakiya. Ta cike tsagar, ta lailaye ta da babban yatsa, ta zubar da sauran lakar a gindin bango ta koma ciki.

Ranar suna tun da asuba aka shimfiɗa tabarmi a jikin katangar. Surukai sun iso da jirage biyu, Arzika a gaba, tsoho mai faɗin ƙirji da Hausar Dandi. Dattawan unguwa sun zo, matuƙan mashigi sun zo, wanzami ya baje kayansa, maroƙi yana gyaran murya. Ga goro a faifai. Aka jira. Rana ta fito, ta hau kan rumbuna, ba liman ba na'ibi. Hira ta mutu, sai tari da kaɗa ƙuda.

Arzika bai zauna ba tun da ya zo. Yana tsaye da baya ga jama'a, yana duban bango.

"Kimba ke nan," ya ce da ƙarfi, kamar mai yi wa wani sallama. "Wallahi shi ne. Haka yaka shigo muna da goro."

Daga cikin gida Kubura ta ji. Ta dubi ɗiyarta da ta haɗa kai da gwiwa, ta ja mayafi, ta kwance ragon daga turke. Mace ba ta fitowa taron maza ranar suna, balle da rago a hannu. Ta fito. Ta ratsa tabarmi har gaban Arzika, ta miƙa masa igiyar.

"Baban Hassan, jikanka ne. Raɗa mai suna."

"Hajiya, ni ba malami ba ne. Kihi nika kamawa."

"Ka iya Fatiha?"

"Na iya."

"Ka iya yanka?"

Wani cikin matuƙan ya tuntsire da dariya. Arzika ya dubi igiyar, ya dubi ɗansa Hassan, Hassan ya sunkuyar da kai.

"To mi yar rage?" in ji Kubura.

Wani dattijon unguwa ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kubura, wanga ba tsari ba ne. A jira Malam."

"An taɓa roƙon Malam shi jira, Baba. Bai jira ba."

Ba kowa ya gane ba, amma wasu sun gane, suka dubi juna. Dattijon ya sa takalmi ya tafi, mutum huɗu ko biyar suka bi shi. Matuƙan ba su motsa ba. Arzika ya karɓi igiya, ya ja ragon gefe, ya fuskantar da shi gabas ya yanka. Ya wanke hannu, ya zo ya zauna a tsakiyar tabarma, bayansa jingine da kwalekwalen laka. Ya yi wa maroƙi raɗa a kunne.

"Sunan yaro Kimba!" maroƙi ya kwarara. "Kimba ya dawo! Allah shi raya Kimba!"

Kubura ta riga ta koma zaure, tana bayan ƙyaure. Ta tsagar ta hango Bunyaminu yana tahowa a kan hanya, da farar riga da wuƙar yanka a hannu. Ko ya zo ne ya ga an shafe, ko so yake ta sha kunya ta ishe ta sannan ya cece ta, shi kaɗai ya sani. Sunan ya same shi a tsakiyar hanya. A daidai lokacin Arzika ya ce a yi Fatiha, kowa ya ɗaga hannu.

Na'ibin gari ba ya wuce Fatiha hannu a sake. Bunyaminu ya tsaya inda yake, ya soke wuƙar a hammata, ya ɗaga hannu. Jama'a suna zaune sun ba bango baya. Shi kaɗai ne a tsaye yake fuskantarsa, ido cikin ido da mutumin da ke gindin jirgi. Kubura ta ga leɓensa yana rawa, ba ta san ko karatu ne ba. Aka shafa. Aka miƙa masa goro, bai karɓa ba, ya juya.

Daga ranar bai ƙara bin hanyar ba. Ta bayan kasuwa yake zagayawa zuwa masallaci, ko da ruwa ake yi, har tsufa ya zaunar da shi. Bai taɓa janye maganar gidan Fir'auna ba, ita ma ba ta ƙara tayar da ta Luksor ba.

Abin bai zo mata a banza ba. Shekaru da dama ba a kira ta shafen ɗakin amarya a Illo ba, wai hannunta ya taɓa gumaka. Sai ta riƙa shiga jirgi da cokalinta da ƙullin makuba, ta wuce rumfar kwastan ta yi aiki a garuruwan Dahome, inda ake ce mata Hajiya ba tare da an rage murya ba. 'Yar Baba ta yi fushi, har ta yaye yaron ba ta zo gida ba. Da ta zo, yaron yana tafiya, Kubura ta ɗaga shi sama ta ce, "Maigida, ka yi ƙiba," don bakinta bai taɓa iya kiran sunan ba.

Damina ta farko bayan sunan ta zo da ƙarfi, ta cinye motar, ta wanke shunin ginshiƙan, ta narkar da kafaɗar matuƙin. Da kaka ta yi, Kubura ta fito da ƙwaryar laka ta tsaya a kan hanya. Ladan ya kira azahar. Ta saurara, kamar yadda ta saba, ko za ta ji takun nan mai sauri. Ba kowa, sai wata akuya da ke sosa jiki a gindin katanga. Wanda ta so ya gani ya daina wucewa, ba kuma zai dawo ba. In don shi ta yi, aiki ya ƙare, tana iya barin ruwa ya kwashe sauran.

Ta kori akuyar, ta ajiye ƙwarya. Motar da jirgin teku ta bar su suka tafi. Ta ɗebi laka ta fara daga ƙafar hagu, ta ɗora ta a gindin jirgi yadda take.